In Baki Ya Ci, Ido Ya Ji Kunya: Tsokaci Kan Kyautar da Muke Kai wa Malaman 'Ya'yanmu

Duk wanda ya san Kagoro da kewayenta ya san babu watan da hannun jama'a ke sakewa kamar Disamba. A lokacin amfanin gona ya shigo gida, doya da citta da acca sun cika kasuwa, 'yan gari masu aiki a Kaduna da Abuja da Jos sun fara dawowa hutun Kirsimeti, ga kuma bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu yana tafe. To, a cikin wannan wata ne kuma makarantu ke kammala jarrabawar zangon farko, malamai na zaune da tarin takardun yara suna ba da maki. Wannan haɗuwa ta lokacin kyauta da lokacin maki ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin kuwa mun ga wata ɓaraka da kowa ke gani amma kowa ya yi gum da bakinsa.

Idan ƙarshen zango ya ƙarato, tambayar da ke yawo tsakanin iyaye, daga Kagoro zuwa Kafancan har Zonkwa, ita ce: me ya dace mu kai wa malamin yaro? Turmin atamfa? Kwalbar turare? Zakara? Ko kuwa a naɗe 'yan kuɗi a ambulan a huta? Mu dai a ganinmu tun daga nan aka saki hanya. Abin da aka saya ba shi ke mayar da kyauta mai tsarki ko mai dauɗa ba. Ranar da ta isa hannun malami, da sunan da ke manne a jikinta, da kuma idanun da suka shaida miƙa ta, su ne ma'auni. Doya biyar da uba ya aika mako guda kafin a rubuta sakamako, da sunan ɗansa a bakin ɗan aike, toshiyar baki ce ko da an yi mata laƙabi da gaisuwar Kirsimeti.

Abin mamaki shi ne, harshen da muke nazari a wannan sashe ya riga ya warware mana wannan matsala tun kafin a haife mu. Bahaushe bai tara duk abin da hannu ya miƙa wa hannu ya kira shi da suna ɗaya ba. Akwai tsaraba, wadda matafiyi ke dawowa da ita. Akwai tukwici, wanda ake ba wanda ya kawo alheri. Akwai goron sallah, akwai sadaka, akwai gudummawa, akwai toshi na mai neman aure. Sannan akwai gaisuwa, wadda talaka ke kai wa mai mulki, kuma kowa ya san gaisuwa ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, roƙon iri na biye da ita. Daga can ƙarshen layi kuma ga toshiyar baki da cin hanci. Al'ummar da ta ƙirƙiro wa miƙa abu sunaye masu yawa haka ta san sarai cewa niyya da lokaci suna sauya sunan abu. Mu ne yau muka rushe waɗannan katangu, muka kira komai kyauta, saboda kalmar tana da daɗin faɗi kuma ba ta sa mutum jin nauyi.

Kada mai karatu ya zaci muna ƙyamar a kyautata wa malami. Hasali ma, kyautata wa malami ya girmi makarantar boko a ƙasar nan. Malamin allo ba shi da albashi, da kuɗin Laraba da sadakar sauka da noman almajirai yake riƙe gidansa, kuma har gobe haka abin yake a unguwannin Musulmi na Kafancan. Haka nan, da Turawan mishan na SIM suka zauna a Kagoro cikin shekarun 1920 suka buɗe makaranta, malamin ƙauye ya zama ɗan gari na kowa, dattawa kan ba da labarin yadda jama'a ke haɗuwa su rufe masa ɗaki ko su taya shi noma. Garin da ya ɗauko malamin makaranta, wato Malam Gwamna Awan, ya ɗora shi a kan sarauta a 1945, ya kuma riƙe ta har rasuwarsa a 2008, ba ya buƙatar wani ya koya masa darajar mai riƙe alli. Amma a lura da siffar waccan kyauta ta da. A fili ake yin ta, gari ne ke yin ta, kuma ba ta sayen wa ɗan wani matsayi a kan ɗan wani. Wanda ya zo gayyar malami da fartanya bai rubuta sunan ɗansa a kunyar da ya nome ba.

Abin da ya maye gurbinta yau wani abu ne daban. Tun da makarantun kuɗi suka yawaita, aka shigo da bukukuwan da ba mu san su ba: walimar aji, ranar al'adu, har da bikin yaye ɗaliban nazare, inda ake sanya wa yaron da bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba riga da hular masu digiri. Kowane biki da kuɗinsa, kowane kuɗi kuma da ɗan kason “godiya ga malamai”. A wasu wuraren ana karanta sunayen waɗanda suka bayar a gaban aji, a wasu kuma a zauren WhatsApp na iyaye ake jera su, kowa da adadinsa, kamar ana taron ƙaddamar da littafi. Daga nan sai gasa ta tashi. Matar ɗan kwangila ta kai kwandon kaya naɗe da leda mai ƙyalli, matar ma'aikaci ta ci bashi don kada a raina ta, matar manomi kuwa ta sunkuyar da kai.

A nan ne muke son mai karatu ya tsaya ya dubi yaron da ya zo hannu rabbana. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, daga Kaciya zuwa ƙasar Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ta ruɓar da amfanin da dubban gidaje suka dogara da shi wajen biyan kuɗin makaranta. A shekarar ce kuma aka janye tallafin man fetur, farashin komai ya yi tashin gwauron zabo. Ɗan manomin da cittarsa ta ruɓe a ƙasa yana zaune a benci ɗaya da ɗan wanda ya kawo buhun shinkafa. Ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayani. Yana ganin yadda fuskar malama ta washe da aka sauke buhun, yana kuma auna yadda ake kiran sunansa da yadda ake kiran na abokinsa. Yaro ɗan shekara bakwai ya fahimci wannan darasi fiye da yadda ya fahimci jadawalin sau, kuma shi ne darasin da ba zai taɓa mantawa ba.

Za a ce mana malamai mutanen kirki ne, doya ba za ta sa su sauya maki ba. Mun yarda da rabin farko na wannan magana. Yawancin malaman da muka sani ba za su ɗauki biro su mayar da 35 ya zama 70 ba. Sai dai ikon malamin aji bai tsaya ga jan biro a kan takardar jarrabawa ba. Shi ke ba da makin gwajin mako da na aikin gida, waɗanda ake haɗawa da na jarrabawa a fitar da sakamako, kuma babu mai duba bayansa. Shi ke zaɓen wanda zai zauna a gaba kusa da allo, da wanda zai zama monita, da wanda za a ɗaga wa ƙafa in ya makara, da wanda bulala za ta sauka a kansa. Shi ke rubuta 'yan kalmomin nan na ƙasan katin sakamako da uba ke karantawa kafin ya dubi komai. A cikin waɗannan ƙananan hukunce-hukunce, waɗanda malami ke yankewa sau ɗari a yini ba tare da ya tsaya tunani ba, a nan ne kunyar ido ke aikinta. Masu iya magana da suka ce in baki ya ci ido ya ji kunya ba ɓarayi suke nufi ba, mutanen kirki suke nufi, don ɓarawo ba shi da kunyar da zai ji. Ɗan mai kyautar ma bai tsira ba. Malamin da ya ci kazar gidanku zai yi nauyin baki ya gaya wa ubanka cewa ɗansa yana aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, sai ranar da jarrabawar shiga sakandare ta tona asiri.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare wannan ɗabi'a ke kawowa ita ce talaucin malami, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malamin firamare a Jihar Kaduna ya ga tasku. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, abin da ya kai ƙungiyar malamai ta NUT ga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar wasu 2,357. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, ya san wanda ya rage a aji yana aiki ne da fargaba. An ƙara mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa Naira 70,000 a 2024, amma kowa ya san abin da kuɗin ke saye a kasuwar Kafancan. Malamin ƙaramar makarantar kuɗi kuwa sau da yawa ko kusa da hakan ba ya samu. To amma wa ya ce ambulan ɗin iyaye magani ne? Ambulan na bin kuɗi ne, ba ya bin wahala. Malamin da ke tsakiyar gari cikin 'ya'yan masu hali shi ke kwashe shi, wanda ke hawa babur ya ratsa rafi zuwa wata makarantar bayan dutse ko goro ba ya gani. Bugu da ƙari, duk ranar da iyaye suka ɗauki nauyin cike giɓin albashi da zakara da atamfa, sun sauke wa gwamnati da masu makarantu nauyin da ke wuyansu, sun kuma mayar da ma'aikaci mai haƙƙi ya koma mai jiran hasafi.

Akwai kuma doka, ko da yake mun saba yin kamar babu ita. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati neman wani abu ko karɓarsa saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, sai dai kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Uban da bai san gidan malami ba sai da ɗansa ya shiga ajinsa, ba dangi ba ne, ba kuma aboki ba ne. Wasu ƙasashen sun wuce mu nesa a wannan fage. Koriya ta Kudu, inda girmama malami ya yi kusa da ibada, ta fara aiki da wata doka a 2016 wadda ta hana malami karɓar kyauta daga ɗalibin da yake ba maki ko daga iyayensa, har furen da ake miƙawa ranar malamai sai wakilin ɗalibai ne zai miƙa shi a bainar jama'a. A jihar Masacusets ta Amurka, malamin gwamnati ba ya karɓar kyautar da ta kai Dala 50 daga mutum ɗaya, amma aji na iya haɗa masa ta Dala 150 a shekara muddin ba a bayyana wanda ya ba da kaza ba. Waɗannan mutane ba rowa ce ta dame su ba. Sun gano cewa sunan mai bayarwa shi ne dafin, sai suka cire shi suka bar kyautar.

To, me za a kai wa malami? A jira Yuli, bayan an raba sakamakon ƙarshen shekara, lokacin da yaro ya fita daga hannunsa kuma babu sauran makin da za a saya. A haɗa ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a akwati rufaffe, mai Naira ɗari biyu da mai dubu ashirin, ba tare da jerin sunaye ba. A raba wa duk ma'aikatan makaranta, har mai gadi da mai shara, domin su ma suna da hannu a tarbiyyar yaron. In kuwa ana son abin da zai daɗe, a tambayi malami abin da aji ya rasa: ƙamus, taswira, kwalin alli, fitila mai aiki da hasken rana da zai riƙa duba takardu da ita, ko kwanon da iskar bazara ta yaye. A ƙauye, gayya ɗaya a gonar malami ta fi turare goma, kuma ita ce kyautar da matalauci ke iya yin kafaɗa da kafaɗa da mai kuɗi a cikinta. Wasiƙar da yaro ya rubuta da hannunsa, da kurakuranta da komai, ba ta cin ko kwabo. Takardar yabo da iyaye za su sa wa hannu su kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Kaura ko Jama'a za ta iya shiga fayil ɗin malami ta yi masa rana. Ranar malamai ta duniya kuwa, 5 ga Oktoba, mu bar wa tsofaffin ɗalibai ita, su nemo malamansu da suka yi ritaya suna jiran fansho a lungunan Kagoro, waɗanda ba su da sauran maki ko ɗaya da za su ba kowa.

Mu da ke jami'a kada mu ɗauka maganar ta tsaya a firamare. Ɗalibin da ke bin malami ofis da ambulan bayan jarrabawa ba a nan ya koyi sana'ar ba, tun yana aji biyu uwarsa ta ɗora masa kwando a ka ta ce ya gaida malama ya faɗi sunansa da kyau. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla aji za su shiga bayan hidimar ƙasa, wasu kuma tuni suna da 'ya'ya a makaranta suna halartar taron iyaye. A taro na gaba, kafin Disamba ta kama, muna son wani ya miƙe ya nemi a rubuta a littafin taro cewa babu malamin da zai karɓi komai daga hannun uba ɗaya matuƙar takardun ɗansa na kan teburinsa, kuma hedimasta ya fara sa hannu.