Ranar suna a Illela: Kowa da sabon ɗinki, ban da jaririn

A gidan suna a Illela, mai jego kan canza kaya sau biyu ko uku, ƙawaye sun fito da anko, telan unguwa ya kwana a kan keke. Shi kuwa jaririn da aka yanka wa rago, yana naɗe cikin kayan kanti 'yan China, masu santsin leda, irin waɗanda ake zubawa a kasuwar Lahadi ko a tsallako da su daga Kwanni.

Wannan rashin adalci ne ga mai taron. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba wurin sa wa ɗan kwana 7 leda ba ne. Ƙurajen zafi ke biyo baya, rigar kuma kafin arba'in ta koɗe, ta zama tsumma.

Rigar auduga ɗinkin hannu ba ta cin yadi guda. Ana kalmashe bakin ɗinkin ya kwanta don kada ya goge fata, a sa igiya a madadin zif, a bar wuya da faɗi, a yi ɗan surfani a ƙirji. Ba a sa duwatsu. Kaka ko gwaggo za ta gama ta a zaman hira na 'yan kwanaki, kuma hannun da ke ɗinka hula ba zai gagari wannan ba.

Masu kuɗin duniya ma adanawa suke yi. Rigar baftisma da Sarauniya Victoria ta sa aka ɗinka wa 'yarta a 1841, jarirai 62 na gidan sarautar Ingila suka saka ta, sai da ta tsufa aka ɗinka irinta, aka fara amfani da sabuwar a 2008.

Wasu za su ce al'adar Bahaushe ita ce kyautar da kayan jariri ga dangi da maƙwabta, ba ɓoyewa a akwati ba. Gaskiya ne, kuma a ci gaba da yi. Riga ɗaya ce kawai ake magana, wadda ita ma yawo za ta yi daga ɗakin ya zuwa na ƙanwa, har Kwanni in can aka haihu, tunda zuri'a ɗaya ce iyaka ta raba. Lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya sun yi tsada, amma allura da zare ba su bar gari ba.

Abin da rigar ke buƙata bayan suna shi ne wanki, shanya a inuwa, da kafur a ƙasan akwati saboda gara.