Sharhi: Ɗigon jini a takarda da neman musabbabin ciwon ƙoda a Gashuwa da Nguru

Shekaru da dama ke nan al'ummar Gashuwa da Nguru da sauran garuruwan arewacin jihar Yobe suna fama da ciwon ƙoda, wanda ke kwantar da magidanta da matasa masu jini a jika. Ana zargin gurɓataccen ruwa, da magungunan feshin gona, da tsananin zafi, da shan magani barkatai. Gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗora wa cibiyar bincike ta BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe, ƙarƙashin jagorancin Mahmoud Bukar Maina, alhakin gano gaskiyar lamarin tare da masana daga Landan.

Babban cikas ga irin wannan bincike shi ne lokaci. Galibin marasa lafiya ba sa isa asibiti sai ƙodar ta riga ta lalace, kuma jinin da aka ɗiba a sannan ya fi nuna ɓarnar da cutar ta yi fiye da abin da ya haddasa ta. Ana buƙatar jinin mutum tun yana da ƙoshin lafiya, a adana shi, a dawo gare shi bayan shekaru.

A nan ne busasshen jini ke da amfani. A farkon shekarun 1960 likitan Amurka Robert Guthrie ya ɓullo da dabarar ɗiga jinin jarirai a kan takarda ta musamman a bar shi ya bushe. Denmark na adana irin waɗannan takardu tun 1982, kuma a Najeriya da su ake gwajin cutar ƙanjamau ga jarirai. Ba sa buƙatar firiza mai tsananin sanyi kafin su isa ɗakin gwaji, abin da ke da muhimmanci a yankin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Abin da masana ke karantawa a jinin shi ne tambarin metil, wato ƙananan sinadarai da ke manne wa ƙwayar gado ta DNA. Ba sa sauya abin da mutum ya gada, sai dai su kunna wani sashe ko su kashe shi, kuma abinci da hayaƙi da guba kan sauya inda suke zama. Shan taba na barin tabo bayyananne a sashen da ake kira AHRR. A 2008 an gano cewa mutanen Holan da aka yi cikinsu lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 na ɗauke da alamarta bayan shekara 60. A ƙauyukan Gambiya kuma, binciken 2014 ya nuna bambanci tsakanin yaran da aka yi cikinsu da damina da na rani.

Da za a riƙa adana ɗigon jinin manoma da masunta na gaɓar kogin Yobe da fadamar Haɗejiya da Nguru, wata rana za a iya kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira.

Sai dai dabarar na da iyaka. Jini ba ƙoda ba ne, kuma ganin tabo bai isa hujjar cewa shi ne musabbabi ba. Zafi da laima na lalata takardar idan ba a kula ba. Dole a haɗa sakamakon da gwajin ruwa da ƙasa da tarihin sana'ar mutum.

Akwai kuma batun amana. A jihar Texas ta Amurka, ƙarar da iyaye suka shigar a 2009 ta kai ga lalata takardun jinin jarirai sama da miliyan 5 da aka adana ba da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Don haka wajibi ne a bayyana wa mai ba da jini, da Hausa ko Badanci ko Barbarci, inda za a ajiye shi, da wanda zai taɓa shi, da yadda sakamakon zai dawo gare shi.

Wankin ƙoda na tsawaita ran wanda ya riga ya kamu. Kare waɗanda ba su kamu ba kuwa ya dogara da shaidar da aka fara tarawa tun yau, da yardar masu jinin.