Kaska a Jikin Kwamfutar Gida

Duk makiyayi ya san cewa idan saniya tana ci amma tana ramewa, to a duba jikinta, da wuya a rasa kaska. Haka lamarin yake ga kwamfutar gida mai nawa, wadda ake saya wa data da safe, kafin la'asar ta ƙare, alhali mai ita wasiƙa ɗaya kawai ya aika.

Masu tsotsar a ɓoye suke aiki. Manhajoji suna sabunta kansu, wasu suna kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, wasu kuma suna aika rahoto ga kamfanonin da suka ƙera su. Kowannensu yana cin data, yana kuma cin ƙarfin na'urar. Lokacin da Microsoft ya fitar da Windows 10 a shekarar 2015, nau'in da ake sa wa kwamfutocin gida ya zo a saite domin tura sabuntawar ga kwamfutocin wasu mutane ta intanet, da kuɗin mai na'urar.

Wannan rashin adalci ne. An tsara waɗannan manhajoji domin gidajen da ke biyan kuɗin wata ba tare da awo ba, ba domin ɗalibin da ke ƙirga megabait ba. Wajibi ne kamfanoni su nemi izini tukuna.

Kafin nan, mai kwamfuta ya buɗe Task Manager ya ga mai tsotsar, ya kuma shaida wa Windows cewa layinsa na awo ne. Sai dai kada ya kashe sabuntawar tsaro, domin ita ce rigakafin na'urar.