FILIN KIWON LAFIYA: Dangin Ƙwayoyin Cuta Na RNA Da Ɓarnar Da Suke Yi

Sau da yawa idan zazzaɓi ya kama yaro, ko mura ta hana magidanci barci, abin da akan fara yi shi ne a aika kantin magani a sayo kafso. Alhali kuwa da yawa daga cikin cututtukan da suka fi addabar jama'ar ƙasar nan kafso ba ya yi musu kome, domin ƙwayar da take kawo su ba irin wadda fenisilin da 'yan'uwansa suke kashewa ba ce. Fenisilin maganin bakteriya ne. Ita kuwa wannan ƙwaya, wadda likitoci suke kira bairas, ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har ma madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya iya nuna ta.

Bairas ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuma iya hayayyafa da kanta. Abin da ta mallaka duka shi ne ɗan zare mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera irinta, da kwanson da ya rufe shi. Idan ta shiga jikin mutum sai ta kutsa cikin ƙwayar halittarsa, ta tilasta mata barin aikinta ta koma ƙera sababbin bairas. Zaren nan iri biyu ne. Akwai DNA, wanda irinsa ne a jikin ɗan Adam, shi ne kuma na ƙwayar agana da ta ƙarambau. Akwai kuma RNA, wanda shi ne abin dubawa a wannan mako.

A shekarar 1971 wani masani ɗan Amurka, David Baltimore, ya kasa dukan bairas gida-gida bisa ga hanyar da kowace take bi ta isar da umarninta. Yanzu gidajen bakwai ne, huɗu daga ciki na RNA ne.

Gida na farko shi ne na masu zare biyu a haɗe, kamar igiyar da aka tufka. Fitacciya a cikinsu ita ce rota, wadda take kawo wa jarirai zawo da amai har ruwan jikinsu ya ƙare. Nijeriya ta shigar da rigakafinta cikin jerin rigakafin yara a 2022.

Gida na biyu masu zare ɗaya ne, wanda yake kamar wasiƙar da aka rubuta sarai, ƙwayar halitta tana karɓa sai ta karanta ta shiga aiki. A nan ne shan inna yake, da zazzaɓin shawara wanda sauro yake yaɗawa, da ciwon hanta nau'in A da C da E, da kuma korona wadda aka fara tabbatar da ita a Ikko ran 27 ga Fabrairu, 2020.

Gida na uku su ma zare ɗaya gare su, amma rubutunsu a juye yake kamar na hatimi, ba ya karantuwa sai an buga shi a takarda. Saboda haka kowace takan shigo da ɗan sinadarin da zai yi mata wannan bugu. Wannan gida shi ne ya tara ƙyanda, da hangum, da haukan kare, da mura mai tsanani irin wadda ta game duniya a 1918, da Ebola, da zazzaɓin Lassa. Shi na ƙarshen nan sunan garin Lassa na Jihar Borno ya ɗauka, domin can aka fara gane shi a 1969, bayan da ya kama waɗansu ma'aikatan jinya na mishan. Wani ɓera mai yawan nonuwa shi ne yake ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa.

Gida na huɗu shi ne mafi makirci. Ƙwayarsa takan juya RNA ɗinta ya koma DNA, sa'an nan ta cusa shi cikin na mutum, kamar baƙon da ya rubuta sunansa a takardar gādon gida. Ƙwayar ƙanjamau, wadda aka gano a Faransa a 1983, ta wannan gida ce. Dalilin da ya sa ke nan magungunan da ake ba masu ita suke danne ta ƙwarai, mutum ya rayu cikin ƙoshin lafiya, amma idan ya daina sha sai ta sake tasowa. Baltimore da Howard Temin su ne suka gano sinadarin da yake wannan juyi a 1970, aka kuwa ba su kyautar Nobel a 1975 tare da Renato Dulbecco.

To, mene ne amfanin wannan rabe-rabe ga wanda ba likita ba? Na ɗaya, yana bayyana dalilin da ya sa waɗansu cututtuka suke sāke kama. Yawancin masu RNA ba su da mai gyara musu kuskure lokacin da ake kwafar zarensu, don haka 'ya'ya sukan bambanta da iyaye. Ƙwayar mura kuma zarenta guntu takwas ne, idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, na mutum ko na tsuntsu ko na alade, sai su yi musayar guntaye a sami sabon iri. Shi ya sa ake sabunta allurarta kowace shekara. Amma ba duka ne suke iya kuɓucewa haka ba. Rigakafin ƙyanda da aka fara a 1963 har yanzu yana aiki, allurar shawara kuwa guda ɗaya takan tsare mutum iyakar ransa.

Na biyu, akwai maganar riga. Waɗansu ƙwayoyin suna da rigar kitse a bayan kwansonsu, kamar Lassa da Ebola da korona da mura da haukan kare. Sabulu yana narkar da wannan riga, ƙwayar ta mutu. Don haka wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya asibiti a yi masa allura a ranar, gama da zarar alamun haukan sun bayyana da wuya ƙwarai a tsira. Shan inna da rota da ciwon hanta nau'in A ba su da wannan riga, sun fi jure wahala, sukan daɗe a ruwan da bayan gida ya gurɓata. Maganinsu masai mai kyau, da ruwan sha mai tsabta, da rigakafi.

Ƙasar nan ta ga abin da sani da himma suke iya yi. Ebola ta shigo Ikko a watan Yuli na 2014, ta kama mutum 20, takwas suka rasu, amma da aka bi sawun duk wanda ya taɓa majinyaci, ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kau. Shan inna na asali kuwa an ga na ƙarshensa a Borno a 2016, aka wanke nahiyar Afirka daga gare shi a 2020, ko da yake ba a daina ɗigon rigakafin ba, domin duk inda aka yi sake akwai nau'in da yake ɓullowa.

Zazzaɓin Lassa shi ne har yanzu ba shi da allurar rigakafin da aka amince da ita, yakan kuma tsananta da rani. Saboda haka a rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a bakin hanya, a toshe ramukan ɓera. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, kada a ƙara masa kafso, a kai mai shi asibiti tun da sauran ƙarfinsa. Yaro kuma idan ya cika wata tara, a kai shi a yi masa allurar ƙyanda da ta shawara, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.