Lafiyarmu: sankarar baki da saiwarta

A wannan wata za mu yi magana bisa sankarar baki, wadda ke kama harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu.

Kowane manomi ya san ƙiri-ƙiri. Ka nome shi tas, ruwa ɗaya ya sauka, sai ga shi ya tofo, don saiwarsa na ƙasa. To, haka wannan ciwo yake. Ƙarin da ke fitowa a baki tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Galibinsu ba su iya kafa sabon ƙari. Amma akwai wasu ƴan kaɗan masu kama da iri: su ke haihuwar sauran, su kuma sake haihuwar kansu. Magani da gashin haske sun fi cin ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Waɗannan kuwa sukan lafe, shi ya sa ciwon kan dawo bayan an yi zaton ya tafi.

A 2007 masana na Jami'ar Mishigan, a Amurka, suka ware irin waɗannan ƙwayoyi daga sankarar kai da wuya, suka dasa wa ɓeraye. Kaɗan daga cikinsu sun isa su tsirar da ƙari, sauran kuwa da wuya su yi kome. A 2017 wasu a Barselona, ƙasar Sifen, suka nuna cewa daga cikinsu ne ake samun masu ƙaura zuwa kaluluwa, kuma kitse ne guzurinsu. Da suka toshe ƙofar da kitse ke shiga ƙwayar, yaɗuwar ta ragu ƙwarai. A jikin ɓeraye ne fa, kada wani ya je ya hana uwargida sa mai a miya.

Abin da ke hannunmu shi ne taba. Sigari, da tabar da ake taunawa da kanwa a ajiye a kumatu, da giya, su ke share wa ciwon fage.

In gyambo a baki ya wuce sati uku bai warke ba, ko ka ga tabo fari ko ja, ko kumburi mai tauri a wuya, tafi gidan likita, ko da ba ya zafi. Kada a tsaga, kada a yi lalas. Tun 2021 akwai injin gashin haske a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, kuma daga likitan garinku ake samun takardar zuwa can.