Gayyar Da Ke Cikin Kwamfuta

A ƙasar Karaye da Rogo, waɗanda dokar 2024 ta haɗa ƙarƙashin Sarkin Karaye, yau da wuya a yi hawan Salla, ko ɗaurin aure, ko saukar karatu, ba ka ga wani saurayi riƙe da kyamara ba. Sana'a ce ta halal, muna murna da ita. Amma ɗaukar hoto rabin aiki ne. Sauran rabin yana kan kwamfuta, wurin da a ke tacewa, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. Saurayi ya sayar da bijimin gidansu, ko ofis ya fitar da kuɗin jama'a, a tafi Kano a sayo inji don an ji mai shago ya ce furosesarsa mai ƙwaya takwas ce. A dawo gida ana tsammani aikin awa takwas zai koma na awa guda, a tarar ba haka ba. Tun da ya ke malaman ofis ne ke rubuta takardar saye, malaman makaranta kuwa su samari ke tambaya shawara, ya kamata mu warware musu yadda abin ya ke.

Bidiyo dai hotuna ne tsayayyu a ke jerawa da sauri har ido ya ga kamar motsi. A ma'aunin da talabijin ɗin ƙasar nan ya saba da shi, hoto 25 ke wucewa kowace daƙiƙa, watau fim ɗin awa guda hoto 90,000 ne. Kowane hoto kuwa, in mai kyau ne irin na 1080, yana da ɗigo fiye da miliyan 2. Sa'ad da mai tacewa ya gama yanke-yankensa, ya sa suna, ya gyara launi, ya daidaita murya, manhajar ba ta taɓa hotunan ba tukuna, umarni kaɗai ta ajiye. Sai ya ce ta fitar da fim, sa'an nan ta bi hotunan nan ɗai ɗai ta lissafa kowane ɗigo, ta matse su su zama fayil guda. Wannan shi masu sana'ar ke kira rendarin.

To, tun wajen 2005 kamfanonin Intel da AMD su ka fara sa ƙwaya biyu cikin furosesar kwamfutocin gida, don sun ga in su ka ƙara wa ƙwaya guda gudu sai zafi ya yi yawa. Kowace ƙwaya ma'aikaciya ce mai zaman kanta. Manhajar tacewa, ko Premiere Pro ce ko DaVinci Resolve, sai ta yi abin da mai gona ke yi ran gayya, ta raba kuyya. Wani lokaci ta ba kowace ƙwaya hotonta, wani lokaci ta tsaga hoto guda yanki yanki ta rarraba. Gyaran launi yana rabuwa sarai, gama ɗigon da ke kusurwar hagu ba ruwansa da na dama. A irin wannan aiki sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ba mu musu.

Amma akwai aikin da ba ya karɓar gayya, kuma ba wanda ya kai akawu sanin haka. A ba akawu goma takardu su kofe, kafin azahar sun gama. A ba su littafin kuɗi guda fa? Jimlar shafi na biyu tana jiran abin da aka ɗauko daga na farko, na uku yana jiran na biyu. Tara za su zauna su na kallon ɗaya. Haka matse bidiyo ya ke. Tsarin H.264, wanda aka kafa a 2003, wanda kuma har yanzu wayoyinmu ke aiki da shi, ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye guda cikakke, sa'an nan na bayansa ya rubuta abin da ya sāke kaɗai: doki ya gusa, bangon fada yana nan inda ya ke. Saboda haka hoton baya ba ya kammaluwa sai an lissafa wanda ya dogara a kansa. Masu rubuta manhaja sun yi dabaru ƙwarai don rage wannan jira, su kan sa ƙwaya ta biyu ta fara da zarar ta farko ta gama saman hotonta, amma jiran bai ƙare ba.

Wani masanin Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana lissafin wannan tun 1967, kuma ɗan aji shida zai iya yinsa a allo. A ce aiki na minti 100 ne ga ƙwaya guda, minti 10 daga ciki ba ya rabuwa. Ƙwaya huɗu za su raba 90 ɗin nan, aikin ya ƙare cikin minti 32 da rabi. Takwas su gama cikin minti 21 da 'yan daƙiƙu. Goma sha shida, kusan minti 16. Ku duba da kyau. Daga ɗaya zuwa huɗu an rage fiye da awa guda, amma daga takwas zuwa goma sha shida abin da aka samu bai kai minti shida ba, ga shi kuwa kuɗin injin ya yi tsalle. Ko an tara ƙwaya dubu, minti 10 ɗin nan yana nan.

Kada kuma suna ya ruɗe mu. Core i7 ba ƙwaya bakwai a ke nufi ba. Da yawa daga ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ƙera kafin 2017 masu wannan suna, ƙwaya biyu rak gare su, kuma irinsu na nan cikin na hannu da a ke kawowa daga Turai.

Har wa yau, ba furosesa kaɗai ke aikin ba. Katin hoto yana da ɗaruruwan ƙananan ma'aikata da su ka fi ta iya gyaran launi. Intel ta sa wani sashe na musamman don matse bidiyo a 2011, ta kira shi Quick Sync, Nvidia ta bi da nata a 2012. Injin da ke da wannan sashe yakan riga wanda ya fi shi yawan ƙwaya gamawa, in manhajar ta san amfani da shi. In kuma faifan ajiya tsohon yayi ne mai juyawa, ko ma'adanar wucin gadi ta yi kaɗan, ƙwayoyin za su tsaya jiran a miƙo musu hoto, kamar 'yan gayyar da aka tara ba a tanadi fartanya ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda mai shago ba ya faɗi, watau zafi da wuta. Da bazara zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40. In ƙwaya takwas su ka tashi aiki gaba ɗaya cikin shago mai rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, furosesa da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. An biya kuɗin takwas, a na cin moriyar abin da bai kai ba. In wuta ta ɗauke a na tsakiyar rendarin, sau da yawa sai a koma daga farko, mai biki kuwa yana bakin ƙofa yana jiran kayansa. Ga wanda ke Rogo ko Karaye, mun fi ganin hikima a sayi inji mai ƙwaya huɗu ko shida, da faifai irin na SSD, rarar kuɗin a sa a batir da farantin sola da fanka.

Muna roƙon duk malamin da aka ɗora wa sayen irin wannan inji, na makaranta ne ko na ofishin yaɗa labarai, kada ya sa hannu a kan abin da aka rubuta jikin kwali. Ya tafi da bidiyon minti goma a filashi, a fitar da shi gabansa cikin manhajar da za a yi aiki da ita, yana duban agogo. Ya sa a maimaita sau uku a jere ba hutawa, don a ga yadda injin ke yi in ya ɗau zafi. Ya rubuta mintocin da kowane inji ya ci, kusa da kuɗinsa, ya haɗa takardar da rasit.