Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Wane Maganin Wanke Fim Ya Dace Da Mu?

A wannan fili muna so mu faɗi ra'ayinmu a kan wata magana da ta raba kan masu sha'awar hoto a makarantar nan, wato wane maganin wanke fim ya kamata a saya wa ɗakinmu na wanke hoto da 'yan kuɗin da ke hannu. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. To, ba ƙarama ba ce, domin fim sau ɗaya tak ake wanke shi. In magani ya ɓata shi an yi hasarar hoton ke nan har abada, ko da kuwa na bikin yaye ɗalibai ne, ko na wani dattijo da ba zai sake zama gaban kyamara ba.

Akwai masu tambaya, me ya kai mu wahala da fim baƙi da fari alhali ga waya a aljihun kowa? Ba mu raina waya ba. Amma mu tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Wanda ya ajiye hotunansa a intanet bai iya ganinsu ba. Haka kuma iyalai da yawa daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun bar gidajensu ba shiri, wayoyi sun ɓata, hotunan iyaye da kakanni sun bi su. Shi kuwa dodon hoto, in an wanke shi da kyau aka adana a busasshen wuri, yakan yi shekaru masu yawa, kuma ba ya neman caji. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ga shi har yau duniya na kallonsu. Mu ma muna da abin ajiyewa: tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda wadda layin dogo ya iso a 1929, kasuwar Shinkafi, da fuskokin mutanenmu.

Ga yadda abin yake. A jikin fim akwai wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, cikinsa kuma akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. In haske ya taɓa su sai su riƙe hoton a ɓoye. Aikin maganin wanke fim shi ne ya mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su koma baƙar azurfa. Bayan haka sai a tsayar da aikinsa, a sa magani na biyu mai kafe hoton, a ɗauraye.

Matsalarmu ita ce zafi. Masu yin waɗannan magunguna sun tsara lokutansu ne a kan ruwa mai digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu zafin garinmu yakan haura digiri 40. Ruwa mai ɗumi yana sa magani ya yi gaggawa, kuma in lokacin wanki ya gaza minti 5 fim yakan fito da dabbare-dabbare. Bugu da ƙari, zafi da iska suna cinye ƙarfin maganin da aka dama aka ajiye. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: wanne ne zai jure zaman Kaura?

Wasu daga cikinmu sun fi son D-76, wanda kamfanin Kodak na Amurka ya fito da shi a 1927, ko ɗan'uwansa ID-11 na kamfanin Ilford na Ingila. Haƙiƙa suna da hujja. Magani ne mai sauƙin hali, yana ba da hoto mai laushi, kuma kusan kowane fim yana karɓarsa. Sai dai gari ne, dole a dama fakitin gaba ɗaya. Kodak da kansu sun ce in an dama shi yakan kai wata 6 a cikakkiyar kwalba rufaffiya, amma in kwalbar ta koma rabi sai wata 2, wannan ma a wuri mai sanyi. Mu da ke wanke fim ɗaya ko biyu a wata, ga dogon hutu a tsakani, rabin kuɗinmu zai ƙare ne a kwata.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a sayi Rodinal. Kamfanin Agfa na Jamus ne ya yi masa rajista tun 1891, yanzu kuma kamfanin Adox na can ƙasar yana yin sa. Ruwa ne mai ƙarfi a 'yar kwalba. Ana ɗibar kashi 1 a zuba cikin kashi 50 na ruwa, a yi aiki da shi sau ɗaya a zubar. Da sirinji za a auna mililita 10 a rabin lita na ruwa, ke nan kwalba mai rabin lita za ta yi wanki 50. An san shi da daɗewa: ko da ya yi baƙi kamar shayi a cikin kwalba, yakan ci gaba da aiki shekara da shekaru. Sa'an nan tun da an tsinka shi sosai, lokacinsa yana da tsawo. Fim irin FP4 Plus yakan ɗauki kimanin minti 15 a digiri 20, don haka ko ruwa ya ɗan yi ɗumi aka rage lokaci, da sauran sarari.

Ba mu ɓoye aibinsa ba. Yana sa hoto ya yi tsaba-tsaba kamar an barbaɗa yashi, musamman a fim mai sauri irin na lamba 400. To, amma fim mai sauri na masu ƙarancin haske ne. Mu Allah ya hore mana rana, fim mai lamba 100 ko 125 ya ishe mu, kuma a kansa Rodinal yana fitar da hoto rangaɗau, har a ƙirga zaren rawani.

Akwai kuma masu sha'awar maganin da ake haɗawa da garin kofi da sodar wanki, dangin kanwarmu, wanda aka gwada a wata kwaleji a Rochester ta Amurka a 1995. Wannan ya yi kyau a darasin kimiyya. Amma kada a gwada shi a kan hoton da ba shi da na biyu.

Kowanne hukumar makaranta ta zaɓa, muna roƙon a tsaya a kan guda ɗaya har mu san halinsa, domin taura biyu ba ta taunuwa. A sayi ma'aunin zafi kafin a sayi komai. A tace ruwa, a bar shi ya kwana a randa, a yi wanki da asuba, in bai sauko ba a ɗan sa ƙanƙara. Duk ruwan da zai taɓa fim ya zama zafinsa ɗaya, don kada fuskarsa ta yamutse. A rubuta lokaci da zafin kowane wanki a littafi saboda na baya. Kuma a kula, Rodinal yana cin fata: a sa safar hannu, a kare ido, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada kuma a zubar da tsohon magani kusa da rijiya.

Daga ƙarshe muna kira ga tsofaffin ɗalibai da 'yan ikilisiya masu tsohuwar kyamara a ƙarƙashin gado su fito da ita, su kawo mana aro. Waɗanda za su zo bayanmu suna da haƙƙin su ga yadda muke. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya sa albarka a aikin hannuwanmu, amin.